Neman nova a Andromeda: hoto mai faɗi, filtar Hα ko bakan haske, wanne ya cancanci kuɗinka da dararenka?

Wanda yake da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 20 zuwa 40 da kyamara mai sanyaya kanta, kuma yana son shiga aikin neman nova a galaksin Andromeda, wanda masana ke kira M31, zai tarar da hanyoyi uku a gabansa. Ko dai ya riƙa ɗaukar hoto mai faɗi, ba filta ko da jar filtar R, ko ya sayi ƙuntatacciyar filtar Hα, mai barin jan layin hasken haidirojin kaɗai ya wuce, ko kuma ya nemi na'urar warware haske, wadda ke baje hasken launi-launi kamar bakan gizo, abin da ake kira bakan haske. Da wuya kuɗi da dararen da sama ke washewa su ishi mutum ya bi ukun yadda ya kamata, kuma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ta farko ita ke nuna cewa wani sabon abu ya bayyana. Ta biyu tana ƙarfafa zaton cewa nova ce. Ta uku kaɗai ke faɗin ajinta. Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga ɗora wa hanya ɗaya nauyin 'yar'uwarta take zuwa.

Nova fashewa ce a bayan wani ƙaramin tauraro mai tsananin nauyi da ake kira farin wada, wanda ke zuƙar haidirojin daga tauraron da suke kewaya juna. Idan iskar ta taru, matsi da zafi suka kai, sai ta kama da wutar nukiliya gaba ɗaya, ta watsa abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 zuwa 100,000 na nauyin rana ba, da gudun ɗaruruwa zuwa dubban kilomita a sakan. Tauraron ba ya halaka, shi ya sa yake iya sake fashewa. Ana auna haske da magnitud, inda babbar lamba ke nufin dishi-dishi: tazarar magnitud 5 ninki 100 ce, tazarar 2 kuwa ninki 6 da ɗoriya. Andromeda na da nisan shekarun haske kusan miliyan 2.5, kuma a wannan nisa nova kan kai ƙololuwa tsakanin magnitud 15.5 da 18.5. Waɗannan lambobi biyu su ne ke yanke hukunci kan duk abin da ke tafe.

Zaɓen galaksi ba shi da wahala. Ƙiyasin masana na yawan nova a M31 ya kama daga 26 a shekara da Halton Arp ya samu a 1956 zuwa 65 da Matt Darnley da abokan aikinsa suka fitar a 2006, kuma an riga an rubuta fiye da 1,000 tun daga 1917. Maƙwabcinsa M33 ba ya ba da fiye da 2 ko 3 a shekara. M81 na ba da kusan 30, amma nisansa ya kai shekarun haske miliyan 12, don haka novarsa tana faɗawa magnitud 19 zuwa 22, inda ƙaramin madubi ba ya kaiwa. Babban Gajimaren Magelan na da nova masu haske sosai, amma ga wanda ke Kano ko Zinder ba ya tashi sama da digiri 8 daga ƙasa. Andromeda kuwa na hawa har kusan digiri 60 daga waɗannan wurare, yana tsakiyar sama da tsakar dare a farkon Oktoba, da wajen ƙarfe tara zuwa goma a tsakiyar Nuwamba. Wato mafi kyawun lokacinsa ya dace da ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya yi kauri, a daidai watannin da gajimare ke yawan rufe masu kallo a tsakiyar Turai.

Hoto mai faɗi

Wannan ita ce hanyar da aka fi gano nova da ita. Da ita Koichi Nishiyama da Fujio Kabashima na Japan suka yi aiki da madubi mai santimita 40, da ita Kamil Hornoch ke aiki da na santimita 65 a Ondřejov ta ƙasar Cak. Dalili shi ne sauri: ba filta, kyamara na karɓar kusan duk hasken da ya shigo. Madubi mai santimita 25 zuwa 30 a wuri mai duhu, idan aka haɗa hotuna 20 zuwa 30 na sakan 60 kowanne, yakan kai kusan magnitud 19 a gefen galaksin.

Lissafin da za a fara yi shi ne na girman fiksel a sama: a ninka girmansa a maikiromita da 206, a raba da tsawon fokas a milimita. Fiksel mai 3.76 a fokas 1,000 zai ba da daƙiƙar kusurwa 0.78 (daƙiƙa 60 ke yin mintin kusurwa, minti 60 ke yin digiri), wanda ya dace da yawancin darare. Da firikwensin kyamara mai milimita 23.5 da 15.7, filin zai zama mintin kusurwa 81 da 54. Galaksin ya kai digiri 3 a tsawo, saboda haka ba zai shiga hoto ɗaya ba, amma ba lallai ne ya shiga ba. Mafi yawan nova da ake gani suna cikin dunƙulen tsakiya, mintin kusurwa 10 zuwa 15 daga cibiya. Fili ɗaya da ake ɗauka kowane dare ya fi filaye shida da ake zagayawa sau ɗaya a mako.

A nan kuma wahalar take. Dunƙulen tsakiya haske ne na biliyoyin taurari da suka narke cikin juna, kuma neman ɗigo mai magnitud 17 a kansa tamkar neman aci-balbal ne a gaban fitilar mota. Abu biyu ke warware wannan. Na farko, kada a bari cibiya ta cika fiksel: a taƙaita buɗewar kyamara zuwa sakan 30 ko 60, a ƙara yawan hotuna. Na biyu, a cire hasken galaksin. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi kwafin hoton, a goge taurarinsa da tacewar midiyan mai faɗin da ya ninka girman tauraro sau 4 ko 5, a debe shi daga asali, sai ɗigo-ɗigo kawai su rage. Wadda ta fi inganci ita ce a haɗa hoton ma'auni daga darare mafi kyau, sannan manhaja irin su HOTPANTS ko ISIS ta daidaita kaifin hotunan biyu kafin ta debe ɗaya daga ɗaya. Idan ba a daidaita kaifi ba, kowane tauraro zai bar zobe fari da baƙi. Idan jerin hotunan ya goce da ko rabin fiksel, kowane tauraro zai bar gefe fari gefe baƙi, kuma a kusa da cibiya irin wannan saura yana kama da sabon tauraro sak.

Kyamara ita ma tana ƙirƙiro tata ƙaryar. Fiksel mai zafi da tartsatsin haskoki daga sararin samaniya suna barin ɗigo mai kaifi da bai wuce fiksel ɗaya ko biyu ba, alhali tauraron gaske yana da siffa iri ɗaya da sauran taurarin hoton. Maganin shi ne a riƙa gusar da madubi da fiksel 5 zuwa 10 tsakanin hoto da hoto, a kuma haɗa su da tsarin da ke jefar da abin da ya fito a hoto ɗaya kacal. A ƙasa mai zafi, na'urar sanyaya kyamara ba ta sauke zafi fiye da digiri 30 zuwa 35 ƙasa da na iska. Gara a tsayar da ita a sifili ko a ƙasa da shi kaɗan, inda za ta iya riƙewa duk dare, a ɗauki hotunan duhu, wato waɗanda ake ɗauka kyamara na rufe, a daidai wannan sanyi. Ƙurar hunturu na sauka a kan gilashi, saboda haka hoton daidaita fili, wanda ke gyara tabon ƙura a hoto, idan na makon jiya ne ba zai yi aiki yau ba. Tabon ƙura ɗaya da ya gusa zai lalata debewar a wannan wuri.

Tsakanin rashin filta da filtar R, ga yadda abin yake. Rashin filta ya fi zurfi, amma magnitud ɗin da aka auna ya dogara da irin kyamarar, sai dai a rubuta shi da alamar CR ko CV kamar yadda AAVSO, ƙungiyar masu bibiyar taurari masu canja haske, ta tsara. Filtar R na rage haske amma tana ba da awo da kowa zai iya kwatantawa, tana rage illar wata, kuma layin Hα na cikinta, don haka nova tana daɗewa a bayyane. Mai madubi ƙasa da santimita 25 ya nema ba filta, ya auna da R bayan ya gani. Wanda ya fi haka zai iya yin komai da R.

Abubuwan da ke shigar burtu

Hoto mai faɗi ba ya bambance nova da abin da ya yi kama da ita, kuma wannan matsala ta girmi kowa a fagen. A Oktoban 1923 Edwin Hubble ya sa wa ɗigo uku alamar nova a farantin hoton M31 da ya ɗauka da madubin inci 100 na Dutsen Wilson. Da ya kwatanta da tsofaffin farantai sai ya ga ɗaya na hawa da sauka a kan ƙa'ida, ya soke alamar. Tauraro ne mai bugawa duk kwana 31 da 'yan awoyi, kuma da shi aka auna nisan galaksin. Har yau matakin da ke ceton mai nema shi ne wannan: duba tsohon hoto.

Dutsen sararin samaniya ya fi sauƙin kamawa. Yakan gusa da kusan daƙiƙar kusurwa 30 a awa, don haka hotuna biyu da awa ɗaya tsakaninsu sun isa, sannan a duba MPChecker na Cibiyar Ƙananan Duniyoyi. Jajayen taurari masu dogon zango, irin Mira, su ne suka fi yaudara: suna hawa zuwa magnitud 18 ko 19 a jan haske cikin makonni, su koma, su dawo bayan ɗaruruwan kwanaki. Launi ke tona su. Nova a ƙololuwa kusan fara ce, tazarar magnitud ɗinta tsakanin shuɗiyar filtar B da koriyar filtar V wajen 0.2, tana komawa sifili yayin da take dusashewa, Mira kuwa tana da haske a filtar I, ta hasken da ya zarce ja, da ƙyar ake ganinta a B. Akwai kuma taurarin galaksinmu da suka faɗo a kan layin kallo, musamman ƙananan nova, waɗanda faifan iskarsu ke ƙara haske da magnitud 2 zuwa 8. Su yawanci ana samun ɗigonsu a tsofaffin hotunan sintirin sama na Pan-STARRS, alhali uwar nova a M31, wato taurarin kafin fashewa, ba ta ganuwa daga ƙasa sai nadiran. Sai manyan shuɗɗan taurarin Andromeda kansa, irin su AF And da AE And, da supanova ta wani galaksi mai nisa da ke bayansa, wadda hawanta kan ɗauki mako biyu zuwa uku maimakon kwana ɗaya zuwa uku da nova ta saba.

Kafin a sanar da kowa, a fitar da matsayin ɗigon da taurarin kundin Gaia har kuskure ya gaza rabin daƙiƙar kusurwa, a bincika kundayen intanet na VSX da SIMBAD da TNS, inda ake rubuta sanannun taurari da sababbin abubuwan da aka gano, a kuma duba kundin tsofaffin nova na M31. Idan matsayin ya zo daidai da wata tsohuwar nova, abin ya ƙara daraja, domin kusan kashi 4 cikin 100 na fashewar da aka gani a M31 na masu maimaitawa ne.

Filtar Hα

Bayan ƙololuwa, iskar da nova ta watsa tana yin shara-shara, hasken gama-gari ya faɗi da sauri, amma layin haidirojin na nanomita 656.3 ya ci gaba da ci. Filta mai faɗin nanomita 7 tana barin kusan kashi ɗaya cikin 20 na hasken galaksin da filtar R za ta bari, alhali hasken layin yana wucewa kusan duka. Sakamakon shi ne nova da ta ɓace a hoto mai faɗi bayan mako biyu tana iya zama a bayyane a Hα na tsawon watanni. Robin Ciardullo da abokan aikinsa sun kafa binciken M31 na shekarun 1980 a kan wannan. Wanda ba ya samun sararin sama sai jefi-jefi, wannan ce hanyar da ke yafe masa gibin darare. Wata da hasken gari ma ba su cika damunta ba.

Farashinta lokaci ne. Kowane hoto na buƙatar sakan 300 zuwa 600, jimilla awa ɗaya ko biyu, wanda ke nufin dole ƙafar madubi ta riƙa bin sama ba kuskure, da ƙaramar kyamarar jagora. Kuma a daidai lokacin da ake tseren ganowa, wato lokacin hawa da ƙololuwa, layin bai yi ƙarfi ba tukuna, saboda har yanzu iskar na da kauri. Mai Hα kusan kullum zai iso bayan mai hoto mai faɗi.

Faɗin filtar shi ne inda ake yawan yin kuskuren saye. Masu ɗaukar hoton gajimaren sararin samaniya sun fi son ta nanomita 3, amma ga wannan aiki ba ta dace ba, saboda dalili biyu. Andromeda na matsowa gare mu da kusan kilomita 300 a sakan, wanda ke gusar da layin zuwa shuɗi da nanomita 0.7, a gefen kudu maso yamma, inda juyawar faifan ke ƙara gudun zuwa sama da 500, gusawar ta wuce nanomita 1, daf da bakin filta mai 3. Na biyu, layin kansa na da faɗi: gudun kilomita 2,500 a sakan daidai yake da nanomita 5.5. Ƙuntatacciyar filta za ta yanke fikafikan layin nova mafi sauri, waɗanda su ne aka fi buƙata. A nemi mai nanomita 7 zuwa 12.

Ɗigo a hoton Hα kaɗai ba hujja ba ne. Sai an ɗauki hoton R a dare guda, an daidaita su yadda taurarin gama-gari za su soke juna, sannan abin da ya rage shi ne mai rarar haidirojin. Ko a haka, gajimaren haihuwar taurari da gajimaren matattun taurari za su rage, sai dai su ba sa canjawa daga wata zuwa wata. Mira ma tana iya tsallake wannan gwaji: iskar taitaniyam oksaid da ke jikinta na shanye haske a sassan R da ke gefen layin, sai Hα ya zama kamar ya yi rara. Shi ya sa hoton B ko V ɗaya ke da amfani ko ga mai Hα.

Bakan haske

Aji ba ya fitowa sai an warware hasken. Tsarin da Robert Williams ya shimfiɗa a 1992 ya raba nova gida biyu bisa layukan da suka fi ƙarfi bayan na haidirojin. Ajin Fe II na nuna layukan baƙin ƙarfe a nanomita 492.4, 501.8 da 516.9, sau da yawa da na oksijin a 777.3. Layukansa sirara ne, ƙasa da kilomita 2,500 a sakan, kuma da yawa suna da rami a gefen shuɗi, alamar iskar da ke tahowa gare mu tana shanye hasken bayanta. Ajin He/N na nuna hiliyam a 587.6, 667.8, 706.5 da 468.6, da naitirojin a 567.9 da 464.0, layukan masu faɗi ne, sama da 2,500, kansu a baje. Akwai na tsakani da ake kira Fe IIb, mai layukan ƙarfe masu faɗi. A nazarin Allen Shafter da abokan aikinsa na 2011 kan nova 91 na M31, kusan kashi 82 cikin 100 Fe II ne, kuma 'yan He/N sun fi saurin dusashewa.

Bakan haske na kuma tabbatar da mazauni. Layukan da suka gusa da ɗaruruwan kilomita zuwa shuɗi na Andromeda ne. Ƙaramar nova ta galaksinmu tana nuna shuɗin haske da faffaɗan ramukan haidirojin ba tare da gusawa ba.

Matsalar ita ce hasken da hoto ke tarawa a fiksel kaɗan, na'urar warware haske na shimfiɗa shi a kan ɗaruruwa. Gilashin Star Analyser da ake ɗaurawa gaban kyamara, wanda ke aiki da kyau ga nova ta galaksinmu, ba shi da amfani a nan, domin ba shi da tsaga, hasken galaksin duka zai bi ya rufe bakan. Dole na'ura mai tsaga. Masu sha'awa da suka sauya ALPY 600 ta kamfanin Shelyak zuwa ƙaramin ƙarfin warwarewa, wajen 130, sun kai kusan magnitud 17 da madubi mai santimita 28, da buɗewar awa ɗaya zuwa biyu. Wannan iyaka na nufin mafi haske kaɗai za a kama, kuma a 'yan kwanakin ƙololuwa. Ɗigon ma ba ya ganuwa a kyamarar jagora, sai an auna tazararsa daga wani tauraro na kusa an tura madubin a makance, kuma gocewar daƙiƙar kusurwa 2 ta isa a kwana ana ɗaukar bakan galaksi zalla.

Ƙarfin warwarewa na fassaruwa kai tsaye zuwa gudu: a raba gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, da shi. Ƙarfin 130 na ba da 2,300, kusan daidai da iyakar da ke raba azuzuwan biyu, don haka zai nuna akwai Hα amma ba zai auna faɗinsa da tabbaci ba. Na'urar SPRAT da ke kan Madubin Liverpool mai mita 2 a tsibirin La Palma na da kusan 350, wato 860, kuma da ita aka tantance nova da dama na M31. A ƙaramin ƙarfi layuka na haɗewa su ruɗar da mai karatu: sodiyam a 589 na kama da hiliyam a 587.6, ƙarfe a 501.8 na zaune kusan a kan hiliyam 501.6 da naitirojin 500.1. Kada a yanke aji da layi ɗaya. Ƙarfe sai an ga ukun tare.

Lokaci ma na canja amsa. Bakan da aka ɗauka kafin ƙololuwa yakan zama haske da ramuka kawai, ba abin da za a rarraba. Wanda aka ɗauka bayan watanni ya koma layukan iska shara-shara irin na oksijin a 500.7, aji ya shuɗe. Tagar da ta fi dacewa ita ce daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu bayan ƙololuwa, ga masu tsananin sauri kuwa kwana ɗaya ko biyu. A 2024 Elias Aydi da abokan aikinsa sun nuna cewa nova da aka bi da kyau sukan ratsa He/N da farko, su shiga Fe II, su koma He/N. Saboda haka aji ba tare da ranar da aka ɗauki bakan ba rabin bayani ne. Wani lokaci ma bakan farko kan yi kama da nova alhali abin daban ne, kamar M31LRN 2015, wadda cibiyar MASTER ta Rasha ta gano a Janairun 2015, aka ɗauke ta nova, sai ta yi ta yin ja na makonni har aka gane haɗewar taurari biyu ce.

Rarrabawar da ƙaramin madubi ke iya yi

Akwai aji na biyu da ba ya buƙatar bakan haske, wato ajin sauri. Ana ƙirga kwanakin da nova ta ɗauka kafin ta sauka da magnitud 2 daga ƙololuwa, ana kiransa t2. A tsarin Cecilia Payne-Gaposchkin na 1957, kwana 10 ko ƙasa mai tsananin sauri ce, 11 zuwa 25 mai sauri, 26 zuwa 80 matsakaiciya, 81 zuwa 150 mai jinkiri, 151 zuwa 250 mai tsananin jinkiri. Don a auna shi dole madubi ya kai magnitud 2 ƙasa da ƙololuwa, da sigina da ta ninka hayaniya sau 10 don kuskure ya tsaya wajen 0.1. Madubin da ke tsayawa a 19 zai bi nova da ta kai 17 ko fiye da haka a haske. Abin da ke ɓata awon shi ne rasa ƙololuwar, wanda ke sa t2 ya yi tsawo fiye da gaskiya, da kuma gauraya filtoci: saukar R ta fi ta V jinkiri saboda Hα na cikinta. Manyan cibiyoyi na ɗaukar bakan sau ɗaya su wuce, wannan bibiyar dare bayan dare ce ta fi ƙaranci a rubuce.

To wanne za a zaɓa?

A ganinmu tsarin saye a bayyane yake. Mai madubi santimita 20 zuwa 25 ya zuba kuɗinsa a ƙafar madubi mai bin sama daidai da filtocin R da V, ya riƙe fili ɗaya a tsakiya kowane dare. Manyan masu sintiri irin su ZTF na Palomar na kaiwa magnitud 20.5 cikin sakan 30 kuma sun fi ƙarfin kowa a faifan galaksin, amma ba sa kallon M31 a kowace awa, hasken cibiya kuma na wahalar da debewarsu, to a nan ne ƙaramin madubi ke da rabo. Mai santimita 30 zuwa 40, ko wanda ke cikin hasken gari, ko wanda dararensa ke yankewa, ya ƙara Hα mai nanomita 7 ko fiye, ya ɗauke ta a matsayin kayan tabbatarwa da ƙidaya. Na'urar warware haske ita ce ta ƙarshe, kuma idan M31 kaɗai ne dalilin sayenta, ba za ta biya kuɗinta ba. Ta dace da wanda zai yi amfani da ita ga nova da taurarin galaksinmu ma. Sashen kimiyyar lissafi ko fiziks na jami'a da ke da ƙaramin madubi ya fi cin riba idan ya ƙulla alaƙa da masu damar shiga madubin mita 2.

Hanyar samun bakan haske ga mafi yawan masu nema ita ce saurin sanarwa. Tun Janairun 2016 TNS ce kafar hukuma ta Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, kuma sai an yi rajista tun kafin buƙata ta taso. Rahoto ya ƙunshi matsayi, magnitud da filtarsa, lokaci a agogon duniya na UT, wato a debe awa ɗaya daga agogon Najeriya da Nijar, da kuma dare na ƙarshe da aka duba ba a ga komai ba tare da zurfin hoton wannan dare. Wannan na ƙarshe shi ke gaya wa mai babban madubi ko abin sabo ne da ya cancanci a katse wani aiki dominsa. Za a ba shi suna mai farawa da AT, idan ya tabbata kuma a sa shi a jerin M31N da shekara da wata da harafi.

Wanda ke son gwada kayansa a kan abin da aka san zai faru, ya sa M31N 2008-12a a fili na biyu. Tana arewa maso gabashin faifan, a matsayin taswirar sama na 00:45:28.8 da +41:54:10, tana fashewa kusan sau ɗaya a shekara, farin wadanta na da nauyin rana kusan 1.38, bakanta He/N ne. Haskenta ba ya cika wuce na magnitud 18 a ƙololuwa, kuma tana sauka da magnitud 2 cikin kusan kwana biyu, saboda haka ana buƙatar hoto mai faɗi da ke kaiwa 19.5 kowane dare, da sanarwa cikin awoyi kaɗan, domin tauraron ɗan'adam irin na Swift ya samu shirya kallon haskokin X ɗinta da ke kunnuwa wajen kwana na shida.